Muryar Sama ta Ƙahon Yaya

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu tattara. Yayana ya riga ni. Ciki ɗaya muka fito, shi ne babba ni ce auta, kuma a cikin mu bakwai da uwarmu ta haifa, yau ni kaɗai na rage ina shan ruwan duniya. An yi masa salla a Haramin Madina bayan la'asar, maza suka ɗauke shi zuwa maƙabartar Baƙi'a, mu mata muka zauna a gidansa na unguwar Ƙurban muna jiran su dawo su ce mana an gama.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki. An jera wa maza kujeru a ƙofar gida, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ni ina ɗakin mata, amma taga a buɗe take, kunnena kuwa bai tsufa kamar ƙafafuna ba, don haka na ji abin da aka faɗa a kansa. Direbobin Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaura harami, suka ce shekara da shekaru yana jan motar alhazai, bai taɓa tashi ya bar tsoho a banɗaki ba. Wani ya ce shi ya koya masa ɗaurin harami wanda ba ya kwancewa. Ɗaliban jami'a 'yan gida suka ce ranar Juma'a yakan kai musu tuwo da miyar kuka a bayan mota. Matarsa dai sai murza gefen mayafinta take yi. Jikokinsa kuwa, a yi musu gaisuwa da Hausa su amsa da Larabci.

Duk gaskiya suka faɗa. Amma a rana ta biyu wani tsoho ɗan Sudan da suka yi tuƙi tare, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ɗaga murya yadda masu nauyin kunne suke yi, ya ce shi bai taɓa jin mai busa irin marigayi ba. Babban ɗan Yaya ya ce a ƙara wa baba gahawa. Aka shiga wata magana.

To, shi ya sa na ce wa 'yata ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa. Ni ban yi boko ba, allona ma bai wuce ƙananan surori ba. Amma abin da aka rufe da gahawa ran nan rabin mutumin ne, kuma da hannuna a cikin yadda rabin nan ya riga sauran mutuwa.

Tun muna Kaduna, yana saurayi, ya shiga 'yan badujala. Ba ganga aka ba shi ba, ba begila ba. Wani ƙaton ƙaho aka ba shi na tagulla, naɗaɗɗe kamar hanjin rago, wanda ake rungumewa a ƙirji, faffaɗan bakinsa yana kallon sama, da madannai uku da ake latsawa da yatsu. Shi yufoniyam yake ce masa, mu dai ƙahon Yaya muke cewa. Da zai bar aikin aka bar masa wani tsoho da aka jingine don ya lotse a gefe. Da mijina ya taso da ni zuwa nan, ta Chadi, ta Sudan, ta ruwa, Yaya ya biyo bayanmu da buhun kaya ɗaya da ƙahon nan a naɗe cikin bargo. Duk wanda ya tambaye shi a hanya sai ya ce kayan aikinsa ne.

Garin Manzo ba garin busa ba ne. Ya sani, kuma bai taɓa jayayya da kowa a kai ba. Bai taɓa busawa a cikin unguwa ba, ko da rana ɗaya. Ranar Alhamis bayan la'asar yakan sa ƙahon a bayan ƙaramar motarsa, ya wuce filin jirgi, ya gangara can inda baƙaƙen duwatsu suke, ba gida ba masallaci. Ya ce wurin da jirage ke ruri, ba wanda ƙahonsa zai shiga wa hakki. Kafin magariba ya dawo, ya yi alwala, ya bi sahu. 'Ya'yansa sun taso suna jin nauyin abin, musamman babban, wanda ya yi karatu a hannun malaman nan. Uban bai tilasta musu ba, su ma ba su taɓa binsa ba.

Ni kuwa ya fara kai ni ne bayan na fita takabar mijina. Na rame, ba na ci, ba na magana. Ya zo ya ce in ɗauko mayafi in raka shi wani wuri. Ya shimfiɗa mini darduma a kan dutse, ya ba ni ruwa, ya matsa gefe ya ba ni baya, ya rungumi ƙahonsa.

Da farko muryar a ƙasa take, kamar babban mutum yana magana a ɗaki an rufe ƙofa. Tana nan tana nan, sai ta fara hawa. Ta hau ta tsaya, ta hau ta tsaya, kamar mai hawa matakala da tulu a ka. Na ce to ta kai iyaka. Sai ta ƙara hawa. Ta sirance, ta yi laushi, har ta zama kamar mace tana kiran ɗanta daga nesa, ba da faɗa ba. Ya riƙe ta a can, ya riƙe, ya riƙe, sannan ya sauko da ita a hankali ya ajiye. Ran nan na yi kukan da ban yi ba wata huɗu da kwana goma. Bai juyo ba sai da na gama. A hanyar dawowa ya saya mini burodin tamis mai zafi, na cinye rabi kafin mu kai gida.

Daga nan nakan bi shi jifa-jifa, har na san halayensa. Ranar Alhamis ba ya shan shayi mai zafi, ba ya taɓa yaji. Man kaɗanya na leɓensa daban, ba mai taɓa masa. Goro a gefe yake tauna shi. Ɗan kofin bakin ƙahon da ake ɗora leɓe a kai kuwa kullum yana aljihunsa tare da carbi, wai kada ya yi sanyi.

Na taɓa tambayarsa ko ƙarfin ƙirji ne ke kai muryar can sama. Ya yi dariya. Ya ce kowa zai iya sa ƙaton nan ya yi gurnani, aikin shi ne ka sa shi ya yi magana da muryar yarinya ba tare da ya yi ihu ba. Ya ce mai danna ƙarfe a leɓe da ƙarfi ya riga ya faɗi. Iska ce za ka taso da ita daga ciki, ka tsuke gefen baki kamar ka riƙe zare, ka ɗaga harshe, ka sake ta siririya da gudu. Sai ya ɗaga leɓensa ya nuna mini haƙorinsa na gaba, na dama, wanda ya ɓantare a kusurwa tun yana yaro wajen fasa goruba.

"Tawa iskar ta nan take bi," in ji shi.

Na ɗauka wasa yake yi. Wallahi na ɗauka wasa yake yi.

Ana nan ana nan, bayan yaƙin Kuwait da 'yan shekaru, aka sa auren 'yarsa ta fari. Mijin ɗalibi ne mutumin Kano, kuma iyayensa za su zo umara su haɗa da ɗaurin aure. To kun san mutanenmu. Wanda ya zo Makka na wata ɗaya ma ba ya komawa sai da haƙori, mace zinariya, namiji azurfa. Ni biyu ne a bakina. Ga Yaya ya tsufa a Madina, ya kai dubban alhazai Makka ya dawo da su, amma in ya buɗe baki sai ɓantararren haƙori. Abin ya daɗe yana damuna, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, in bar masa bakinsa yadda Allah Ya bar shi.

Wannan karon ban bari ba. Na ce surukai za su koma Kano su ce uban amarya ko haƙorin Makka bai iya sawa ba. Na ce yarinyar ce za ta sha gori a dangin miji. Na ja amarya gefe na zuga ta, ta je ta yi masa kuka. Da ya ƙi, na faɗa masa maganar da har yau in na tuna sai in ji ɗaci a harshena. Na ce ya fi son tsohon ƙarfe a kan mutuncin 'yarsa. Na ɗauke ƙafa daga gidansa. Mu da muke cin abincin Juma'a tare tun zuwansa garin nan, Juma'a biyu ban je ba.

Ranar Asabar ta uku na ji motarsa a ƙofa. Bai shigo ba. Ya aiko a ce mini in fito mu je.

Wani ɗan shagon sa haƙori ne a kasuwa, alhazai sun yi layi har waje. Da aka zo kansa, kafin ya zauna, ya tambayi mai shagon da Larabci ko bakinsa zai canza. Mutumin ya ce zai fi dā kyau. Ya sake tambaya, ya ce ba kyau yake nufi ba, iska yake nufi. Mutumin ya dube ni, ni kuma na ce masa ya yi aikinsa, tsoro ne kawai irin na tsofaffi. Yaya ya zauna. Aka ɗauko ɗan inji mai ƙara, aka goge haƙorin ta gaba, ta baya, ta gefe da gefe, har ya koma ɗan turke, aka kifa masa azurfa. Ko shayi ba a gama sha ba an gama. Na ce masa ya yi kyau. Ya kalli madubi, ya shafa wurin da harshe, ya ce alhamdu lillahi.

An yi biki lafiya. Surukai sun zo sun tafi. Ban ji ko mutum ɗaya a cikinsu ya yi maganar haƙorin kowa ba.

Alhamis ta farko bayan biki na ce zan bi shi. Ya shimfiɗa mini darduma kamar kullum, ya ba ni baya. Muryar ƙasa ta fito yadda take. Ta fara hawa. Ta hau ta tsaya, ta hau ta tsaya. Da ta zo inda takan sirance, sai ta tsage. Wani irin fuu ya fito, kamar tayar mota ta sace. Ya sauke ƙahon, ya goge baki, ya ce leɓe ne bai saba ba tukuna. Ya sake. Ta sake tsagewa a wuri ɗaya. Ya sake sau bakwai, ina ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Jirgi ya tashi ya wuce ta kanmu. Ya naɗe ƙahon muka koma Ƙurban.

Ya ce a ba shi wata ɗaya. Wata ya zama shekara. Ba abin da bai gwada ba. Ya matsar da ɗan kofin hagu, ya matsar da shi dama, ya ɗaga shi, ya sauke shi. Ya liƙa kakin zuma a kan azurfar. Ya daina goro gaba ɗaya. Yakan zauna a mota tsakanin tafiya da tafiya a Bi'ir Ali yana hura ɗan kofin shi kaɗai, gilashi a rufe. Daga baya ya fara abin da ya ce mai yinsa ya riga ya faɗi, wato danna ƙarfen da ƙarfi. Matarsa ta ce mini yakan dawo da zobe ja a leɓe, wata rana har da jini a gemu. Ta faɗa mini ne ba ta kalle ni ba.

Ni na nemo likitan haƙori na gaske, a mustashfa, wato asibiti, na roƙi Yaya mu je. Likitan mutumin kirki ne, ya saurare shi har ƙarshe bai yi dariya ba. Ya ce in aka cire azurfar, abin da ke ƙasa ɗan turke ne, zai fi muni. Ya ce zai iya yi masa fari, ya sassaƙa shi yadda ake so, amma sai ya ga yadda na dā yake, don a irin wannan aiki kaurin gashi ɗaya ma bambanci ne. Ya ce a kawo hoto.

Muka koma gida muka zazzage akwatuna. Hoton fasfo, hoton takardar zama, hoton lasisi, hoton da ya ɗauka da kayan badujala, hoton sunan 'ya'ya. Muka baza su a kan tabarma ni da matarsa muna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya a gaban taga. Duk a cikinsu bakinsa a rufe yake. Mutanen zamaninmu ba sa buɗe haƙora a gaban mai hoto. Na kalli haƙorin nan fiye da shekara hamsin, na yi masa gori da shi, amma da likita ya ba ni takarda ya ce in zana yadda ɓantarar take, hannuna ya tsaya. Ban san ko ta karkata ciki ko waje ba. Yaya ya ce harshensa ya sani, amma harshe ba ya zane. Aka bar azurfa a inda take.

Bai daina zuwa bayan filin jirgi ba. Sai dai ya daina hawa. Yakan yi ta yawo a muryar ƙasa, in ya zo gindin matakalar sai ya kewaye ya koma. Wanda bai san shi dā ba zai ce ga gwani. Ya kuma daina dariya da baki a buɗe, sai ya sa hannu ya kare, mutane suka ɗauka kamun kai ne na tsufa.

Shekaru na yi ina ɗauke da maganar. Na ba da sadaka, na yi addu'a a Rauda, na kai masa zuma, na kai masa man zaitun, duk abin da aka ce yana gyara leɓe na kai. Yakan karɓa ya yi godiya. Bai taɓa ce mini ke ce ba, ko a fuska ban gani ba. Da ma ya zage ni, da na san inda zan sa kaina.

Zuwanmu na ƙarshe, ƙafarsa ta riga ta fara kumbura, ƙahon ma ni na taya shi fitarwa daga mota. Ya busa kaɗan numfashi ya gaza. Ya zauna kusa da ni a kan dardumar, abin da bai taɓa yi ba. Na ce in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba.

"Yaya, ni na yi maka wannan."

"Ke kika riƙe injin?"

"Ni na kai ka."

"Ni na tuƙa motar, Auta. Da ƙafata na hau kujerar."

Na ce duk da haka ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun muna cikin shagon, tun kafin ya san abin da zai yafe. Ya jujjuya ɗan kofin a tafin hannunsa. Sannan ya ce abu ɗaya yake roƙo.

"Kada ki ƙara ce mini ya yi kyau."

Ashe duk sallah, duk suna, in ya yi ado nakan faɗa. Ina faɗa ne don in rarrashi kaina, ban san ina murza masa wurin ba. Daga ran nan ban ƙara ba. Amma yafiya ba ta dawo da murya, kuma shi ma ya san na sani.

Bayan wannan ya kwanta. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ranar da zai cika ina gefen gadon, leɓensa ya bushe, na ɗebo man kaɗanyarsa na shafa masa. Ya tsuke gefen baki ya fitar da iska siririya, sau ɗaya, sau biyu. Matarsa ta ce salati yake so ya yi, ta fara laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa, Allah Ya sa ita ce ta ƙarshe a bakinsa. Ni dai na san abin da na gani kafin nan, ban faɗa wa kowa ba sai yau.

A rana ta uku, da aka watse bayan magariba, babban ɗansa ya yi sallama a ƙofar ɗakin da nake. Ya durƙusa, ya miƙo mini wani abu a ƙunshe cikin farar takarda. Ya fara da Larabci, ya tuna, ya koma Hausarsa mai tsamin baki.

"Ya Amma, mai wanka ne ya ba ni. Ya ce da ya taɓa sai ya fito da kansa. Ummi ta ce ke za a ba."

Ban tambaye shi dalilin da uwarsa ta ce ni ba. Da ya fita na buɗe. Azurfar ce, ta yi baƙi-baƙi, ba nauyi, kamar ɓawon gyaɗa. Idona ba ya gani sosai yanzu, sai na bi ta da babban yatsa. A kusurwar ƙasa, ta dama, na ji kaushi. Na kira 'yata na ce ta duba mini a gaban fitila. Ta ce an goge wurin ne, layi-layi, kamar da abin gyaran farce, ba sau ɗaya ba, wani sabo wani tsoho, har ƙarfen ya kusa hujewa.

Shi kaɗai, a gaban madubi ko a cikin mota, yana bin harshensa yana sassaƙa ƙofar da na sa aka toshe. Shekara nawa ya yi yana yi, ban sani ba. Ko ya taɓa kusantar ta, ban sani ba. Wanda zan tambaya yana Baƙi'a.

Na ƙulle ta a bakin zanena. Ba ta sayuwa, ba ta kyautuwa, ba ta yasuwa.

Allah Ka jiƙan Yaya, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa maƙwabtakar da ya yi da ManzonKa a raye da a mace ta amfane shi. Abin da ya yi daidai Ka ninka masa, abin da ya yi kuskure Ka shafe. Wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya yi masa addu'a. In da saura, ya sa ƙanwarsa a ciki.